Ragon da Ya Ƙi Dussa

Saura mako bakwai a yi babbar salla, a tsakiyar bazara, wani rago ya kau da kai daga daron dussa a wani gida na Tibirin Gobir. Balami ne fari fat, dogo, mai zubabbun kunnuwa da lanƙwasasshen karan hanci. Mai shi wata dattijuwa ce da mijinta ya daɗe da rasuwa, wadda ta haura shekara talatin tana kiwon turke. Kowace shekara takan shiga kasuwar bisashe ta Maraɗi ran Litinin ko ran Juma'a, ta zaɓi ramammen rago mai ƙashin girma, ta ɗaure shi a gindin dogon yaron da ke tsakar gida, ta yi ta ɗawainiya da shi wata huɗu ko biyar, sannan ta sayar gab da salla. Wannan rago shi ne asusunta. A waccan shekara ma ta riga ta kasafta kuɗinsa a zuci tun bai bar turke ba: kaso guda na kwanon rufin ɗakinta da ya yi ta yoyo daminar da ta wuce, kaso guda na jikanyarta da za ta shiga kwaleji, abin da ya saura kuma jarin ragon baɗi.

Abin bai zo rana ɗaya ba. Da fari ragon ya riƙa barin saura a daro, shi da a da yakan lashe har gindi. Daga nan tuƙa ta ragu, kashinsa ya bushe ya ƙanƙance. Cikinsa na nan a cike kamar na mai ƙoshi, amma gadon bayansa sai ƙara fitowa yake yi. Da ta ga kwana goma sun shige babu sauƙi, sai ta aika a kira mata ɗan wanta, malamin ilimin halittu a wata kwaleji ta Maraɗi. Ya hau babur bayan la'asar, ya iske ta zaune bisa tabarma, ta zuba wa ragon ido.

Bayan sun gaisa ya ce, "Gwaggo, ko dai dussar ce ta yi tsami?"

Ta ce, "Ɗan nan, ni za ka koya wa dussa? Da hannuna na jiƙa ta ɗazu. Shafa bayansa ka ji. Yunwa na nan jikinsa, ba ta je ko'ina ba. Marmarin ne babu."

Malamin ya yi shiru, domin tsohuwar da ba ta taɓa zama ajin lakwal ba ta faɗi cikin kalma kaɗan abin da masana suka kwashe shekara tamanin suna tono.

Bahaushe ya daɗe da sanin cewa yunwa daban, marmari daban, kuma harshensa shaida ne. Akwai yunwa mai murɗa ciki. Akwai marmari, son abincin da aka daɗe ba a ɗanɗana ba. Akwai ƙawa, irin ta wanda ya kwana biyu bai ci nama ba. Akwai kwaɗayi, wanda ake wa kirari da mabuɗin wahala, akwai haɗama da zari, cin da ba shi da linzami. A ɗaya gefen kuma akwai ƙoshi, akwai ginsa wadda maiƙo ke sawa, akwai gundura ta abincin da aka maimaita har ya ishi mutum. Bahaushe ya ajiye yunwa a ciki, ya ajiye marmari a rai, shi ya sa yakan ce ransa ya biya, ko ya ce abu ya fita ransa. Binciken zamani bai rushe wannan rabo ba. Abin da ya ƙara shi ne ya nuna inda ake yanke hukuncin ci da ƙin ci, ya kuma gano manzannin da ke kai ƙara can da kunnuwan da ke sauraronsu.

Wurin yanke hukuncin wani ɗan yanki ne a gindin ƙwaƙwalwa da ake kira ipotalamus, wanda ko a jikin mutum bai fi ƙwallon dabino girma ba. A shekarar 1940 wasu masana biyu a Amurka, Hetherington da Ranson, suka lalata tsakiyar wannan yanki a ƙwaƙwalwar ɓeraye, sai ɓerayen suka dinga ci ba ƙaƙƙautawa har suka yi teɓa. A 1951 kuma Anand da Brobeck na Jami'ar Yale suka lalata gefensa, sai aka ga akasin haka: ɓera na kwance kusa da abinci, ba zai taɓa ba har ya mutu. Cikinsa lafiya lau, haƙoransa lafiya lau, abin da ya ɓace yana can cikin kai.

Ƙwayoyin jijiya da ke cikin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo da sinadarai. Daga cikin waɗannan akwai wani jinsi da ake kira neropeptid, wato ƴan guntayen furotin, kowanne an jera shi da tubalan amino asid kaɗan, kamar ƴaƴan carbi a zare. Amma ɗan saƙo shi kaɗai ba ya aikata kome. Sai ya tarar da makarɓinsa, wani furotin da ke zaune a fatar ƙwayar jijiya, wanda aka halitta shi daidai siffar wannan saƙo. Misalinsa misalin take ne. In makaɗi ya saki taken mahauta da kalangu, duk gari na jin ƙarar, amma mahauci ne kaɗai tsikar jikinsa ke tashi. Manomi na wucewa da hauyarsa bai ko waiga ba, sai ranar da aka buga gangar noma. Haka saƙo ke ratsa ƙwaƙwalwa, ƙwayar da ke da makarɓinsa ita kaɗai ke amsawa.

A 1982 Tatemoto da Mutt, a Cibiyar Karolinska ta ƙasar Suwidin, suka gano wani ɗan saƙo mai tubali 36, suka raɗa masa suna neropeptid Y, a taƙaice NPY. Bayan shekara biyu aka ɗiga shi cikin ƙwaƙwalwar ɓeran da ya riga ya ƙoshi, sai ya koma kan abinci kamar wanda ya kwana da yunwa. Daga baya aka gano makarɓansa aka ba su lambobi, aka kuma ga cewa biyu daga ciki, Y1 da Y5, su ne kan gaba wajen buɗe baki. Abin bai tsaya ga ɓeraye ba. A 1989 masana a Amurka sun yi wa tumaki irin wannan gwaji, tumakin suka ƙara ci. Shekara goma kafin nan an riga an nuna cewa wani ɗan saƙon mai suna CCK, wanda hanji ke saki in abinci ya iso shi, yana sa tunkiya ta janye daga abinci idan aka zuba shi cikin ƙwaƙwalwarta. Ke nan ragon Tibiri da ɓeran ɗakin bincike take ɗaya ake kaɗa musu.

A yau an san cewa a ƙasan ipotalamus akwai rukuni biyu na ƙwayoyin jijiya da ke zaman maƙwabtaka, suna ja-in-ja dare da rana. Rukuni na farko yana sakin NPY da wani abokin tafiyarsa, AgRP. Su ne masu cewa a tashi a nemi abinci. Na biyu, da ake kira POMC, yana sakin wani saƙo da ke sauka a kan makarɓi mai suna MC4R ya ce ya isa haka. AgRP kuwa yakan je ya tsaya a bakin wannan makarɓi ya toshe shi, don kada saƙon ƙoshi ya samu shiga. A 2005 an kashe ƙwayoyin rukunin farko a ƙwaƙwalwar manyan ɓeraye, sai suka daina ci. A 2011 an ta da su da haske a kan ɓeraye ƙosassu, cikin ƴan mintoci suka far wa abinci. A 2015 kuma aka ga cewa da zarar ɓera mai yunwa ya hangi abinci ko ya ji ƙanshinsa, waɗannan ƙwayoyi sukan lafa cikin daƙiƙoƙi, tun loma ba ta shiga baki ba. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Su kuma rukunan nan biyu daga jiki suke samun labari. Cikin da ba kome yana sakin girelin, wanda Kojima da Kangawa suka gano a Japan a 1999. Yakan bi jini ya je ya zuga rukunin yunwa. Kitse yana sakin leptin, wanda Jeffrey Friedman na Jami'ar Rockefeller ya gano a 1994. Shi ne mai tsaron rumbu, mai gaya wa ƙwaƙwalwa yawan abin da ke ajiye. In kitse ya ƙaru leptin ya ƙaru, rukunin yunwa ya sassauta. In dabba ta rame leptin ya faɗi, rukunin yunwa ya ta da murya. Labarin gano leptin shi ya fito da darajar makarɓi fili. Akwai iri biyu na ɓeraye masu mugunyar ƙiba a ɗakunan bincike, waɗanda ido ba ya iya bambanta su. Iri na farko jikinsa ba ya yin leptin, kuma da aka yi masa allurarsa a 1995 sai ya rage ci, teɓar ta zube. Iri na biyu jininsa cike yake da leptin, makarɓin ne ya lalace, don haka ko an yi masa allura a banza. Ana ta kaɗa take, mai taken kurma ne.

Dattijuwar ba ta san ko ɗaya cikin waɗannan sunaye ba, amma ta san wata dabbar da ci aka haife ta, wata kuma mai tsince-tsince ce tun tana ƙarama. Shi ya sa in ta je sayen rago, bayan ta duba haƙori da ido, takan miƙa masa ƴar harawa ta ga yadda zai fizga. Masana sun tarar da ita a nan ma. A 2016 Eleanor Raffan ta Jami'ar Kambirij a Ingila ta nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na karnukan Labrador suna ɗauke da tawaya a ƙwayar gadon POMC, kuma su ne suka fi sauran naci a kan abinci da saurin ƙiba. To, wannan rago ranar da aka saye shi sai da ya kusa haɗawa da yatsun mai miƙa harawa. Ba da ƙarancin ci aka haife shi ba. Lissafin da malamin ya yi ke nan a kan hanyarsa ta komawa Maraɗi da dare: rago ya rame, leptin ya faɗi, rukunin yunwa na can yana kira. In duk da haka baki ya ƙi buɗuwa, to akwai wata murya da ta danne tasu.

Ran Asabar da sassafe ya nufi Jiratawa, kudu da Maraɗi, a kwarin Gulbi. Tun farkon shekarun 1980 aka shimfiɗa a can filin noman rani na hekta sama da 500, ana jawo ruwa daga ƙarƙashin ƙasa da famfo, shi ya sa ko a lokacin da karkara ta bushe ƙurmus, Jiratawa kore take shar da masara da zogale da kayan lambu. Ya sayo ɗanyar ciyawa da ganyen masara da damin harawar wake mai kyau, ya ɗaure a bayan babur, ya ratsa Maraɗi zuwa Tibiri. Dabarar tana da tushe. Dabbar da abinci ɗaya ya gundura takan farfaɗo in an sauya mata, kuma zafin bazara kansa yana rage wa bisashe ci, domin narkar da abinci a tumbi wuta ce a cikin jiki. Da ragon ya ji ƙanshin ɗanyen ganye sai ya miƙe, ya ja baki uku ko huɗu da zumuɗi, sannan ya tsaya cak, ya koma ya kwanta.

Gwaggo ta jiƙa masa kanwa, yadda iyaye da kakanni ke yi. Wannan ma ba camfi ba ne. Ƙawar gishiri tana da nata hanyoyi a ƙwaƙwalwa, daban da na yunwa. Tun shekarun 1950 Derek Denton ya fara nazarin tumakin da jikinsu ya yi asarar sodiyam a Ostareliya, ya ga suna shan ruwan da aka narkar da shi a ciki gwargwadon abin da suka rasa. Daga cikin masu ta da wannan ƙawa akwai wani peptid, anjiyotensin, mai nasa makarɓai a ƙwaƙwalwa. Ita ce ƙawar da makiyaya Abzinawa da Fulani ke kashe wa garkunansu a ƙasar Ingal mai gishiri a ƙarshen damina. Ban da haka, kanwa tana rage tsamin tumbi, wanda yawan dussa da hatsi ke jawowa. Ragon ya kurɓi kaɗan, bai sauya ba.

Sai ta aro jar akuyar maƙwabta, irin ta Maraɗi da fatarta ta yi suna har Turai, ta ɗaure kusa da shi, don ta san tunkiya dabbar garke ce, ba ta son ci ita kaɗai. Malamin ya tuna da wata ƴar tsutsa ta cikin ƙasa da tsawonta bai wuce milimita guda ba. A 1998 de Bono da Bargmann suka nuna cewa wasu irinta na taruwa su ci tare, wasu kuma kowa ya kama gabansa, kuma abin da ya raba su tubali guda ne tak a cikin wani makarɓi ɗan dangin makarɓan NPY. Tunkiya ba tsutsa ba ce, amma abin lura ne cewa ko a wannan ƴar halitta, ci da zaman tare igiya ɗaya ta ɗaure su. Akuyar ta cinye rabonta ta haɗa da nasa. Shi kuwa ya bi ta da ido.

A rana ta goma sha bakwai aka kawo likitan bisashe. Ya fara da abubuwan da aka saba. Ya ja fatar idon ragon ƙasa don ya ga ko tsutsar ciki mai shan jini ta sa ta yi fari, ya iske ta ja. Ya auna zafin jiki, babu zazzaɓi. Ya tambayi ko an ga zawo, aka ce a'a. Sannan ya dunƙule hannu ya danna kwiɓin hagu, inda tumbi yake, ya sake dannawa, ya kara kunne ya daɗe yana saurare.

Ya ce, "Inna, leda ce. Tana nan a cure."

Tumbin mai tuƙa babbar taska ce, kuma bangonsa na da jijiyoyi masu jin miƙewa da nauyi. In ya cika sukan aika saƙo ta wata doguwar jijiya da ake kira bagus zuwa gindin ƙwaƙwalwa ta wajen ƙeya, can a ce a dakata. Waɗannan jijiyoyi ba su san bambancin harawa da leda ba. Leda kuwa ba ta narkewa, ba ta wucewa. Takan nannaɗe da igiya da tsumma ta zama curi, ta cinye gurbin abinci, ta hana tumbi juyawa. Sai dabba ta faɗa tsakanin shaidu biyu masu saɓani, kitse na cewa rumbu ya ƙare, tumbi na cewa ba masaka tsinke. Abin da ya sa ragon ya tashi da zumuɗi ya kuma tsaya bayan baki huɗu ke nan.

Mafi yawan ledar ya haɗiye ta ne tun yana yawon kan juji kafin a kai shi kasuwa, ta kwanta a tumbi tana curuwa sannu a hankali. Iska ma takan kawo ta har gindin turke. Duk wanda ya san Maraɗi ya san baƙar leda a kan juji, a magudanar ruwa, a rassan ƙaya, tana ɗauke da ƙanshin mai da gishiri na abincin da aka ƙunsa a cikinta. Da rani, in ciyawa ta ƙare, yunwa da ƙawar gishiri kan kawar wa dabba da tsantseni, kuma mahauta shaidu ne a kan abin da suke fitarwa daga tumbi. Nijar ta kafa doka a watan Nuwamba na 2014 wadda ta hana sarrafa irin wannan leda da shigo da ita da sayar da ita, amma juji bai ji labarin dokar ba.

Likitan ya shimfiɗa mata hanya biyu. Ko a tsaga kwiɓin a buɗe tumbi a fitar da curin, aikin da zai ci kuɗi mai tsoka kuma ba tabbas ragon zai tashi, ko a kira mahauci tun yau a karɓi abin da ya bayar. Da yamma wani dillali da ya ji labari ya kawo ta uku.

Ya ce, "Hajiya, ki bar shi yadda yake. Ai cikin nan a cike yake. Ana jibi salla a ɗirka masa ruwan kanwa, a wanke shi da sabulu, baƙon da ya zo daga birni ba zai gane ba."

Ta ce, "Malam, layya za a yi da shi. Ranar salla za a buɗe cikin nan gaban mutane da gaban Allah. An ce ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Nawa cikin nake so ya zama haka."

Ta san shari'a ba ta karɓi dabba mai bayyanannar cuta ko mugunyar rama a layya ba. Ta roƙi uwar adashi a ba ta ɗaukarta kafin lokaci, aka yi aikin da sanyin safiya a gindin dogon yaro. Abin da aka fitar ya cika daron dussa: baƙar leda, igiyar nailan, tsumma, da guntayen buhu, duk sun cure sun yi tauri. Likitan ya ɗinke, ya yi allurai, ya ce yanzu sai a jira tuƙa.

Kwana biyu ragon na kwance bai taɓa kome ba. Malamin na zuwa kowace yamma in ya tashi daga aji. A dare na biyu, suna zaune da fitila, dattijuwar ta ɗauko labarin 2005, shekarar da ƙarancin ruwa da ɓarnar fara na daminar 2004 da tsadar hatsi suka haɗu suka jefa ƙasar Maraɗi cikin wahala. A waccan shekara ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara sama da dubu 60 masu tamowa mai tsanani a Nijar, mafi yawansu a jihar Maraɗi. Ita da ƴarta sun kai jikanta na fari, yayan yarinyar da za ta shiga kwaleji.

Ta ce, "Bayan sun auna shi, sai suka ba uwar wani ƙunshi na niƙaƙƙiyar gujiya mai zaƙi, suka ce ta ba shi a hankali, su kuwa suna kallo. Ya lasa, ya sake lasa, ya riƙe hannun uwar. Suka ce ku tafi gida da sauran, ku dawo mako mai zuwa. Yaron da ke kusa da mu, wanda ya fi namu tsoka ma, ya kau da kai. Shi aka kwantar."

Wannan shi ake kira gwajin marmari, kuma har yau da shi ake aiki. Yaron da tamowa ta kama, in yana ci kuma ba wata cuta tare da shi, ana iya jinyarsa a gida da haɗin gujiya da madara da sukari da mai da bitamin. A 2007 hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya masu kula da lafiya da abinci da yara suka amince da wannan tsari. Wanda ya ƙi ci shi ne ke bakin haɗari. Jikin da ke yaƙi da cuta yana sakin nasa saƙonni, waɗanda ke danne kiran yunwa komai ƙarfinsa. Ɗaya daga cikinsu, GDF15, sai a 2017 aka gano makarɓinsa, aka sa masa suna GFRAL, yana zaune a wani ɗan lungu na gindin ƙwaƙwalwa, maƙwabcin inda saƙon tumbi ke sauka. A ƙasashen da abinci ya yi yawa kuwa, wannan ilimi ya haifi allurar rage ci, irin su semaglutid, mai kwaikwayon wani saƙon hanji da ake kira GLP-1, wanda Amurka ta amince da shi don rage ƙiba a 2021. Wani na biyan kuɗi a kashe masa marmari, wata na zaune gindin dogon yaro tana roƙon Allah ya dawo da shi.

Malamin ya so ya fassara mata duk wannan, ya fara da cewa akwai wasu manzanni a cikin jini. Ta ɗaga masa hannu.

Ta ce, "Ɗan nan, bisa da jinjiri ba su da bakin faɗa, da ci suke magana. In sun ƙi, ba taurin kai ba ne, ƙara suka kawo. Ba a ɗura musu, tambaya ake yi."

Da asubar kwana na uku, tana alwala, ta ji wani ɗan sauti daga wajen turke, kamar ana murza tsaba a hankali. Ta ajiye buta ta matsa. Ragon na kwance da ƙafafu a naɗe, idanu a lumshe, muƙamuƙinsa na juyawa. Da hantsi ya ci ɗanyar ciyawar Jiratawa, bayan mako guda ya koma lashe daro har gindi.

Mako huɗu ba su isa su mayar da abin da aka rasa ba. Ana jibi salla ta sayar da shi ga wani magidanci na Maraɗi, bayan ta kama hannunsa ta ɗora a kan tabon ɗinki ta gaya masa abin da aka fitar. Kuɗin bai kai abin da ta kasafta ba. Yarinya ta shiga kwaleji da aka koma lakwal, an ware jarin ragon baɗi, rufin ɗaki kuwa ya jira wata shekara. Da damina ta sauka, daron dussar ne aka tara wa yoyo. Malamin ya shanya curin ledar ya tafi da shi makaranta. Ranar darasin jijiyoyi yakan ajiye shi bisa tebur, ya sa ɗalibai su jera a allo duk kalmomin yunwa da ƙoshi da suka ji a gida, kafin ya rubuta sunan NPY ko leptin.

Da lokaci ya zagayo, dattijuwar ta koma kasuwar bisashe ta Maraɗi. Ta duba haƙori, ta duba ido, ta miƙa harawa kamar kullum. Sannan ta dunƙule hannu ta danna kwiɓin hagu, ta daɗe ba ta ɗauke ba.